Daga "Kak Ku Taɓa" Zuwa "Zo Ka Taɓa": Yadda Gidajen Tarihi Ke Sauyawa

Zan fara da tambaya, kowa ya ba kansa amsa tsakaninsa da Allah: yaushe rabonka da shiga gidan tarihi? Ba wucewa ta bakin ƙofa bisa kabu-kabu nake nufi ba. Ka shiga da ƙafarka, ba malami ya tilasta maka ba, ba kuma don an ce akwai maki a ciki ba. Na jefa wa 'yan ajinmu wannan tambaya muna jiran lakca, waɗanda suka ɗaga hannu ba su cika yatsun hannu guda ba, su ɗin ma tun suna firamare aka kwashe su a mota aka kai su. Wani ya ce, "To me zan je yi? Tsofaffin tukwane ne fa da takubba masu tsatsa." Aka yi dariya. Ni dai ban ga laifinsa ba, abin da aka nuna masa ke nan.

Duk wanda aka taɓa kaiwa irin wannan ziyara ya san yadda take. A jera ku a layi, ku bi akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya, kowane abu da 'yar takarda a gabansa an rubuta sunansa da Turanci, da garin da aka samo shi, wani lokaci da shekara. Da hannunka ya doshi wani abu sai ka ji tsawa daga bayanka: "Kak ku taɓa!" Kafin rabin awa kun fito, an raba muku biskit, an koma makaranta. Kun ga tambari amma ba ku ji amonsa ba. Kun ga sulke, ba wanda ya gaya muku nauyinsa, balle yadda mutum ke iya hawa doki da shi cikin zafin bazara.

Akwai dalilin da ya sa abin ya kasance haka. Gidajen tarihi irin na zamani sun shigo ƙasar nan ne a lokacin mulkin Turawa. Na farko an buɗe shi a Esie da ke jihar Kwara ta yanzu a 1945, na Jos ya biyo baya a 1952, sannan a 1979 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Tunanin da aka gina su a kai shi ne a tattara kaya, a adana su, masana su yi nazari. Mai ziyara a bayan layi yake. Asali ma ana yi masa kallon wanda zai iya ɓata wani abu, shi ya sa aka sa gilashi tsakaninsa da kayan kakanninsa.

A wasu ƙasashe an daɗe da fara warware wannan tunani. A 1969 wani masanin kimiyya mai suna Frank Oppenheimer ya buɗe wani gida a birnin San Faransisko na Amurka, ana kiransa Exploratorium, inda dokar ita ce ka taɓa, ka murɗa, ka gwada, ka gano yadda haske da sauti da maganaɗisu ke aiki da hannunka. Yara suka yi ta tururuwa, sauran gidaje suka fara kwaikwayo. Daga baya wasu abubuwa suka ƙara ingiza sauyin. Kuɗin gwamnati ya ragu a wurare da yawa, dole gida ya nuna cewa mutane na zuwa. Waya ta shigo aljihun kowa, ba wanda zai bar bidiyo ya je ya tsaya gaban takarda mai layi biyu. Ga kuma tambayar da 'yan Afirka da sauran waɗanda aka yi wa mulkin mallaka suka matsa da ita: kayan nan na wa ne, kuma wa ya ba ku izinin ba da labarinmu? A watan Agusta na 2022 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta zauna a birnin Prague ta sake ma'anar gidan tarihi ɗungurungum. A sabuwar ma'anar an sa cewa gidan yana aiki ne tare da al'umma, ƙofarsa a buɗe take ga kowa, kuma jin daɗi na cikin abin da ake zuwa nema, ba karatu kaɗai ba.

To a aikace me ake yi? Abu mafi sauƙi shi ne kwafi. Ainihin takobin yana cikin gilashi, amma ga irinsa da maƙeri ya ƙera a gefe, ka ɗaga ka ji. Makafi ma ta haka suke samun rabonsu. Takardar bayani kuma ta daina zama suna da shekara kawai, ta koma labari: wa ya yi abin nan, wa ya yi amfani da shi, me ya same shi. Cibiyar John Randle ta al'adu da tarihin Yarbawa da aka buɗe a Legas a 2024 ta bi wannan hanya, bayani da Yarbanci da Turanci, ga kiɗa da muryoyi suna tashi, ba shirun maƙabarta ba. Sai kuma intanet. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da shafin Digital Benin, wanda ya tattara hotuna da bayanan kayan masarautar Benin fiye da 5,000 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, yawancinsu Turawan Ingila suka kwashe a 1897. Ɗan Benin na zaune a ɗakinsa yana iya ganin inda kowane yake. A shekarar ce kuma Google ya ɗora shafuka fiye da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu don kowa ya duba.

Amma misalin da ya fi burge ni ba a Turai yake ba, yana nan maƙwabta. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda ke ɗauke da sunan Boubou Hama, an kafa shi tun 1959, kuma tun farko ba a tsara shi a matsayin ɗaki ɗaya mai akwatuna ba. Fili ne babba, da ɗakunan nuni a warwatse, da gidan namun daji, da kwarangwal ɗin manyan dabbobin da aka tono a hamadar Agadas, da gangar jikin bishiyar nan ta Tenere da mota ta kayar a 1973. Abin da ya fi duka, a cikin harabar akwai masu sana'a suna aikinsu: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa. Kana tsaye ana ƙera abu a gabanka, ka tambaya a ba ka amsa da Hausa ko Zabarmanci, in ka ga dama ka saya. Iyali kan je can su wuni. Wato abin da manyan masana ke rubuta littattafai a kansa yau, 'yan Nijar sun yi shi tun kafin a haifi iyayen yawancinmu, ba tare da allon taɓawa ko ɗaya ba.

Yanzu mu dawo gida, mu tsaya a Kalambaina.

Kowa ya san Kalambaina da siminti da tireloli. Kamfanin siminti ya fara aiki a nan tun 1967, kuma abin da ya kawo shi shi ne farin dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin ƙasar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne asalin dutsen. Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, inda muke zaune yanzu ƙarƙashin ruwa yake. Wani teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya bi ta ƙasashen Mali da Nijar ya iso nan. Halittun cikinsa masu ɓawo suna mutuwa suna nutsewa, ɓawon yana taruwa, har ya daskare ya zama wannan farin dutse. Shi ya sa in ka fasa wani ɓangarensa sai ka ga siffar katantanwa ko ƙwaryar wata halittar ruwa a ciki, ta zama dutse. A littattafan ilimin ƙasa sunan wannan shimfiɗar dutse shi ne Kalambaina, kamar yadda wasu shimfiɗun ke ɗauke da sunayen Dange da Wurno da Gwandu. Ɗalibin wannan fanni a wata ƙasa yana haddace sunan unguwarmu don jarrabawa, mu kuwa muna tsayawa a nan sayen rake.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da ya rayu tun zamanin da manyan dabbobin nan na da ba su ƙare ba, masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972. Akwai kuma wani dangin kada da aka sa wa suna Sokotosuchus. Ina tambaya: yaro nawa ne a Goronyo ya san akwai dabbar da duniya ke kira da sunan garinsu?

A ganina wannan shi ne gidan tarihin da ya fi sauƙin yi a duk jihar nan, kuma shi ne ainihin irin sabon salon da ake magana. Duwatsun suna da yawa, suna da ƙwari, hannun yaro ba zai ɓata su ba. Tebur ɗaya ya isa, da tire cike da su, da gilashin ƙara girman abu, da taswirar da ke nuna inda ruwan ya bi, da mutum ɗaya mai iya bayani da Hausa. Ka miƙa wa yaro dutse ka ce ya faɗi abin da ya gani. In ya ce katantanwa, ka tambaye shi me ya kawo katantanwar teku Sakkwato, garin da ake kwana a tsakar gida saboda zafi. Daga nan darasi ya fara, kuma shi zai riƙa ja da kansa. Kullum ana fasa dutsen nan ana niƙawa ana ƙonawa ya zama siminti, wannan shi ne aikin masana'anta, da shi muke gina gidaje. Amma duk wanda ya shiga murhu ya tafi ke nan. Ware kaɗan daga masu kyawun siffa ba zai rage buhu ko ɗaya ba.

Sai takardu, waɗanda su ne babbar dukiyar garin nan. Cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu tana riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami, da wasiƙu, da takardun zamanin Turawa, ban da waɗanda ke cikin gidajen malamai a adaka da gafaka. Su kam ba a cewa zo ka taɓa. Gumin hannu da hasken rana da gara duk maƙiyansu ne, kuma duk wanda ya ce a bar kowa ya riƙa juya takardar da ta shekara 200 bai san abin da yake faɗa ba. Sai dai akwai hanyar da za a kusanto da su. Ɗauki waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma yawancin na Hausa don a rera su aka yi, jajis su haddace su kai wa mata a ƙauyuka. In ka ajiye irin wannan takarda cikin gilashi shiru, rabin abin kawai ka nuna. Ka sa hotonta babba a bango, ka rubuta ta da boko a gefe, sannan a ji muryar wata dattijuwa tana rerawa yadda ta gada. Haka kotso: wanda bai taɓa jin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba, in ya ga kotso a rataye, ice da fata kawai ya gani. Haka fatar jar akuyar Sakkwato da aka riƙa ƙetare hamada da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Labarinta yana wurin majemi da ƙanshin bagaruwa da hannun baduku, kuma waɗannan mutane suna nan da ransu a cikin gari.

Da ransu, amma ba za su dawwama ba. Kayan ƙarfe na iya jira shekara hamsin a sito. Tsohuwar da ta san sunan kowane zane a jikin ƙwarya, da wanda ake kai wa amarya da wanda ba a kaiwa, ita ba za ta jira ba. A wurina wannan ne ya sa maganar jawo mutane cikin gidan tarihi ta wuce batun nishaɗi. Mai ziyara yakan zo da ilimin da ma'aikacin gidan ba shi da shi. In an ba shi dama ya yi magana, aka naɗa, gidan ya ƙaru. In an ce masa ya yi shiru ya bi layi, zai koma da abinsa.

Akwai wani ɓangare mai ɗan nauyi da ba na son in tsallake. Da zarar ka ce mutane su shigo su ba da labari, ba labari ɗaya za ka ji ba. Faɗuwar Alkalawa a 1808, yadda ake ba da ita a Sakkwato daban, yadda Bagobiri zai ba da ita a Sabon Birni daban. Ka je gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, za ka ji tarihin ƙarni na 19 ta bakin Kabawa, su da suka yi shekaru suna gwabzawa da daular. Ga Satiru, ƙauyen da ya yi wa Turawa tawaye a 1906 aka shafe shi, wanda har yau ba kasafai ake son zancensa ba. Wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta. Ni ina ganin ɗalibin da ya ji ɓangarori biyu cikin ladabi, da hujjar kowa a gabansa, ya fi wanda zai fara jin ɗaya ɓangaren a Facebook daga bakin mai neman rigima. Amma aikin yana son masu ilimi da natsuwa, kuma ba kowane mai ziyara ne abin da ya faɗa zai hau bango ba. Tantancewa na nan daram, aikin masana ne.

Game da na'urori kuma, mu yi wa kanmu adalci. Mu 'yan foliteknik da an ce a zamanantar da abu sai hankalinmu ya tafi kan allo da manhaja. Allon taɓawa yana son lantarki marar yankewa, yana son sanyi, ba ya shiri da ƙurar hunturu, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Ranar da ya lalace, in babu kuɗin gyara, ya zama shi ma kayan tarihi, har gara tukunyar, ita ba ta buƙatar caji. Abin da zai yi aiki a nan shi ne wanda ya dogara da wayar da ke hannun mai ziyara: 'yar lambar QR a gefen kaya, ka ɗauka da kyamara, ka ji bayanin minti biyu da Hausa ko Fulatanci, ƙaramin fayil da ba zai cinye data ba, wanda za ka iya tura wa wani ta WhatsApp. Wanda ba ya karatun boko ya amfana, wanda ba shi da babbar waya kuma a samu ɗan lasifika mai aiki da hasken rana. Wani haɗarin shi ne gidan ya koma wurin ɗaukar hoto zalla, a zo a yi TikTok a gaban sulke a tafi ba a san na wane ne ba. Ban damu da hoton ba, talla ce kyauta, matuƙar dai akwai abin da zai tsayar da mutum bayan ya gama ɗauka.

Wasu kuma abin da ke hana su zuwa shi ne zaton cewa gidan tarihi gidan gumaka ne. Alhazanmu da suka je Madina a 'yan shekarun nan suna ba da labarin gidan nunin tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ke kusa da masallaci, inda ake amfani da taswira da ƙananan gine-gine da sauti a nuna yadda garin yake a wancan zamani. Wannan ma gidan tarihi ne, kuma na sabon salo.

Ina ajin ƙarshe, kuma na ga yadda muke zaɓen furojet. A ɗauko na waɗanda suka wuce, a sauya sunan ƙaramar hukuma, a yi difens, a ɗaure shi da baƙin bango ya tafi sito. Alhali ga aiki na gaske a bakin ƙofa. Ɗan sashen kwamfuta zai iya gina rumbun hotuna da muryoyi na kaya hamsin kacal, ya yi shi da kyau. Ɗan aikin jarida ya ɗauki rakoda ya zauna da majema da maƙera da masu kiɗan fada, da izininsu, ya rubuta sunan kowa da ranar da aka yi hirar. Masu kimiyyar ɗakin gwaji su auna zafi da laimar ɗakin da ake ajiye takardu na tsawon zango guda, su faɗi abin da suka gani. Masu zanen gini su zana akwatin nuni da kafintan unguwa zai iya yi, wanda ƙura ba ta shiga. Da yawanmu mun yi makarantar allo, muna karanta ajami, abin da wasu masu bincike daga waje ke shan wahala kafin su koya. Duk wannan sai an bi ta hannun malami mai duba furojet da shugabannin gidajen tarihin, da takarda a rubuce. Ba a faɗa wa mutane da kyamara haka kawai.

Kafin nan, ga abin da ya kamata mu sani in mun ci karo da wani abu. In dutse ne mai siffar halitta, ka ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka ɗaga, ka ajiye biro a gefensa don a gane girmansa, ka rubuta wurin da ranar, domin dutsen da ba a san inda ya fito ba rabin amfaninsa ya tafi. Kada kowa ya shiga ramin haƙar dutse na kamfani ba da izini ba, ana fasa dutse da nakiya a wurin, ga manyan motoci. In kuwa mutum-mutumin yumɓu ne ko tsohuwar tukunya a binne, kada ka tone, kada ka sayar. Dokar ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya, kuma tun shekarar 2000 ICOM ta sa kayan yumɓun Nok da na yankin Sakkwato da Katsina cikin jerin waɗanda aka fi sacewa ana fita da su. Ka sanar da ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ke nan Sakkwato.

Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya. Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta nemi aji ɗaya a wannan rana, a jera tebura, kowa ya zo da abu ɗaya daga gidansu da izinin masu shi, ko tsohon kwabo mai huji ne, ko tasa, ko allo, ko mazari, ya tsaya a gefensa ya faɗi na wane ne da abin da aka yi da shi. A ware tebur guda na duwatsun Kalambaina, a gayyato 'yan firamaren da ke kusa. Mu 'yan ajin ƙarshe ƙila lokacin muna fama da jarrabawa, don haka 'yan ajin farko su za su riƙe rajistar kayan, su kuma tabbatar kowa ya koma gida da abinsa.